“Lafiya Lau” Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Yau a kan gaisuwa za mu tattauna, abin da kowannenmu ke yi tun daga asuba har ya kwanta, amma ba kasafai muke tsayawa mu leƙa cikinta ba. Na ce cikinta, domin gaisuwar Bahaushe tana da fuska, tana kuma da ciki. Fuskar ita ce kalmomin da kunne ke ji. Cikin kuwa shi ne abin da mai magana ke nufi, wanda wani lokaci yakan zama kishiyar abin da bakinsa ya furta. Duk wanda ya tsaya ga fuskar kaɗai, wata rana zai yi asara a kasuwa, ko ya ɓata da surukansa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya bar ɗan'uwansa cikin ciwo yana zaton ya samu sauƙi.

Babu wurin da ya fi dacewa a ɗauki wannan darasi kamar bakin iyaka. Mu ɗauki Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya a jihar Katsina. Mutanen wannan yanki da na Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar dangin juna ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Katsina na dauri ya yi arewa ya kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe ake kiran sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Sai daga baya, tsakanin 1906 da 1908, Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa turakun iyaka, suka raba wa da ƙane. Harshen bai rabu ba. Ko ta wane gefe ka tsaya, “lahiya lau” za ka ji. Sai dai gefe guda ya sha Ingilishi ya riƙe naira, ɗaya gefen ya sha Faransanci ya riƙe sefa. Idan suka haɗu ranar Lahadi a kasuwar Jibiya, kowa na jin Hausar kowa, amma ba kullum ne ake fahimtar juna ba.

Amsar da ba ta canzawa

Kafin mu tsallaka iyaka, mu fara da abin da ya haɗa mu duka. Gaisuwarmu tambayoyi ne waɗanda aka riga aka yanke amsarsu tun kaka da kakanni. “Ina kwana?” “Lafiya lau.” “Ina gajiya?” “Ba gajiya,” ko da mutum ya wuni yana huɗa a gona. “Ya sanyi?” “Lokacinsa ne.” “Ya ruwa?” “Ruwa ya yi gyara,” ko da daren jiya ya kayar da katangar gidan. “Ina labari?” “Sai alheri,” ko da labarin rasuwa mutum ya ɗauko. “Ya jiki?” “Da sauƙi,” ko da mai jikin ba ya iya ɗaga kai daga matashi.

Baƙon da bai san mu ba yana iya cewa ƙarya muke yi. Ba ƙarya ba ce. Godiya ce ga Allah kafin koke, da kunya, da kuma tarbiyyar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai kuma tausayi a ciki. Ku lura da ɗan aiken da aka turo da labarin mutuwa. Zai yi sallama, ya zauna, a gaisa tsaf, ya ce duk mutanen gida lafiya lau, sa'annan ya sunkuyar da kai ya ce, “Sai dai jikin Baba ne ya yi tsanani, an ce ku zo.” Babban da ke gidan ya riga ya gane. An ba zuciya lokaci ta shirya kafin nauyin ya sauka.

Wannan “sai dai” ita ce ƙofar. Wanda ya amsa “madalla” ya miƙe kafin a kai gare ta, bai ji komai ba. Kuma ko a cikin amsar akwai hawa-hawa ga mai kunne. “Lafiya lau” daban take da “to, Alhamdu lillahi.” Ita ma daban take da “muna nan dai,” ko “ana ta lallaɓawa,” ko “sai haƙuri.” Magidancin da ka tambaya ya gida ya ce maka “ga mu nan dai,” ya gaya maka rabin damuwarsa, saura kai ka nemi sauran rabin.

Ita kanta kalmar lafiya daga Larabci muka aro ta, kuma ba mu kaɗai ne muka juya ta ba. A Maroko, a Larabcinsu na gida, wannan kalma ita ce sunan wuta, domin sun ƙi ambaton wuta da sunanta sai suka laƙaba mata suna mai daɗi. Alhajin da ya haɗu da mutumin Maroko a Makka ya yi masa addu'ar Allah ya ba shi “afiya,” kada ya yi mamaki in ya ga an yi masa wani irin kallo.

Kalmomin da ke tafiya da baya

Akwai kuma kalmomin da fuskarsu addu'a ce, cikinsu kuwa wani abu daban. Shiga kasuwar dabbobi ka taya rago. In mai rago ya ce “albarka,” ba sa maka albarka ya yi ba, cewa ya yi tayinka bai kai ba, ƙara. Ya ƙi ka, amma ya ƙi ka da kalmar da ba za ta ɓata maka rai ba. Abin sha'awa, a Maroko da Aljeriya ma “baraka” takan ɗauki ma'anar “ya isa haka.”

Ga kuma “bismilla.” Ka tarar da mutum yana cin abinci, dole ya ce maka bismilla, ko da loma uku ta rage a kwanon. Kai kuma ladabinka shi ne ka ce “Alhamdu lillahi, a ci lafiya.” In da gaske yake, zai maimaita, ya matsa, ya turo maka ruwan wanke hannu. Yaron da ba a koya wa wannan ba, zai naɗe hannun riga tun a bismillar farko, a yi ta ba da labarinsa har ya yi aure.

“Allah ya ƙara” addu'a ce ga wanda ya samu ƙaruwa ko ya yi sabuwar mota. Amma in yaro ya ƙi jin magana ya hau bishiya ya faɗo, yayarsa ta ce “Allah ya ƙara!”, kowa ya san ba fatan alheri take ba. Haka “sannu.” Ita ce ta maraba da baƙo, ita ce ta jajanta wa wanda ya yi tuntuɓe, ita ce a hankali a cikin karin maganar nan da ke cewa sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba. Amma in uwar miji ta dubi matar ɗanta da ta tashi barci da hantsi ta ja muryarta ta ce “sannunki,” to ba gaisuwa ba ce, bulala ce. Baƙon da ya daɗe da zama aka ce masa “to, a gaida mutanen gida,” an sallame shi ke nan cikin mutunci. “Ba komai” da aka faɗa da ɗaurarriyar fuska, akwai komai. “In Allah ya yarda” a bakin tela ana saura kwana uku Salla, kowa ya san abin da ya kamata ya shirya wa.

Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: fuskar zagi, cikin ƙauna. Kaka ta tari jikanta da “ga mijin nawa marowaci ya iso.” Bafulatani ya ga Babarbare ya ce “bawana, ka zo gaida ubangidanka?” Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, taubashi da taubashiya, duk haka suke gaisawa. A Nijar an ɗauki wannan wasa da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Wanda bai san da wasan ba zai zaci faɗa za a yi.

Da an tsallaka Magama

Yanzu mu bi hanyar da ta ratsa Magama zuwa Ɗan Isa. A nan ne kalmomi masu kama da juna ke yi wa mutane ƙafar ungulu.

A ce an kawo amarya daga Maraɗi zuwa wani gida a Katsina, dangin ango mata suka kewaye ta suna tambayar sana'ar mahaifinta, ta ce, “Babana mushe ne.” Ɗakin zai yi tsit. A wajenmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. A wajensu kuwa mushe shi ne malamin makarantar boko, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Yarinya alfahari take da ubanta, masu sauraro kuma suna salati a zuci. Haka in ta ce za ta “likita,” asibiti take nufi, ginin kansa, ba mutumin da ke duba marasa lafiya ba. In ƙanenta ya ce ya kwana a “fada,” ba wajen sarki ya je ba, ba kuma faɗa ya yi da kowa ba. Fada a Nijar ita ce majalisar samari, inda ake zama a kan benci ana dafa shayi zagaye uku ana hira har dare ya raba. In yara suka bi ka suna “kado, kado,” kyauta suke roƙo da Faransanci, ba Kaɗo suke kiranka irin na bakin Fulani ba.

Mu Hausawa ba mu da al'adar ɗaga kofi a gwara kafin a sha. Abin da muke da shi shi ne bismilla da “a sha lafiya,” da “barka da shan ruwa” a watan azumi. Amma waɗanda suka yi boko da Faransanci sun san kalmar da ake faɗa in an ɗaga kofi a wajen liyafa, ko da lemo ne a ciki, wato “sante,” ma'ana lafiya. Bakatsinen da ke wurin zai ji kamar an ce “santi,” ya shiga tunanin wace magana ce ta suɓuce masa saboda daɗin abinci har aka kama shi, ya fara waige-waige. Wata kalmar da Faransawa da Italiyawa ke faɗa in sun gwara kofuna kuwa, a kunnenmu cincin ce, irin wanda ake soyawa da Salla. A Japan kuma ita ce kalmar da ƙananan yara ke kiran al'aurar namiji da ita, don haka can ba a ɗaga kofi da ita. Mu ma muna da irin wannan: sunan kek da Faransanci ya yi daidai da wata kalmar Hausa da ba a faɗa a gaban surukai. Manya sun gane, yara kuma su yi haƙuri.

Duk waɗannan abin dariya ne. Inda dariya ke ƙarewa shi ne wajen kuɗi. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirge, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Don haka “dala ashirin” sefa 100 ce, “dala ɗari” sefa 500, jikka kuma sefa 1,000. Sau da yawa ma ba a ambaton dalar, mai tebur zai ce maka “ashirin” kawai, yana nufin sefa 100. A Nijeriya kuwa yau in ka ce dala, hankalin kowa kuɗin Amurka yake tafiya. Jaka kuma a bakin dattawanmu naira 200 ce, domin a zamanin fam jaka guda fam 100 ce, da aka koma naira a 1973 kowane fam ya zama naira 2. Ita kalmar dala ta girmi ƙasashen biyu. Asalinta sunan azurfar nan ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wadda fatake suka yi ta ciniki da ita a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa.

To ku duba: mutum biyu su yi ciniki, ko su yanke sadaki, a kan “jikka hamsin,” a tafa, a yi fatiha, alhali ɗaya sefa 50,000 ke ransa, ɗayan kuma wani lissafi daban. 'Yan kasuwar da suka saba ba sa faɗawa wannan rami, domin kafin su sallama sai sun ce “da kuɗin wa?” Baƙi da mata masu aike da sababbin surukai su ne ke shan wahala. Matambayi ba ya ɓata.

Gaisuwa da roƙon iri

Akwai wata ma'ana ta kalmar gaisuwa da ta daɗe tare da mu, wato abin da ake riƙewa a hannu in za a je gaban babba. Tana da kyakkyawar fuska: gaisuwar iyaye a neman aure, goron da ake kai wa malami, tsarabar da ɗa ke kai wa uwa. Tana kuma da mummuna. Tun sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, Shehu Usmanu ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci da ya soki sarakunan Hausa da su a littafinsa Kitabul Farƙi, har ya ambace ta da sunanta na Hausa.

Wannan tsohuwar gaisuwa ba ta mutu ba, shinge ta koma. Direbobin hanyar Katsina zuwa Jibiya sun daɗe suna kuka da yawan shingaye, kuma rufe iyaka ya ƙara wa abin gishiri. An rufe a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta buɗe nata gefen a Maris na 2024. A duk tsawon wannan lokaci mutane ba su daina cin abinci ba, ba su daina zuwa biki da ta'aziyya a tsallake ba. Sai harshe ya samar wa kansa hanya. “Sannu da aiki, yallaɓai” ta zama sallamar miƙa hannu a dunƙule. “Me ka zo mana da shi?” da “a ba yara na ruwa” da “ina na goro?” suka zama kuɗin wucewa. “Ya harka?” a tasha ta daina zama tambayar lafiyar sana'a kawai, ta koma tambayar ko kaya sun fito. Babu wanda ya ambaci cin hanci, kowa gaisuwa yake.

Abin da ya shafe mu a matsayin iyaye shi ne, wannan salo ya baro shinge ya shigo unguwa. “Barka da Juma'a” ta fara zama takardar neman kuɗi. “Ranka ya daɗe,” wadda addu'a ce ta tsawon rai, ta zama kalmar 'yan maula, har 'yan kudu suka are ta suna kiran duk wani fadanci da ita. Yara sun lura da wanda in an gaishe shi yake sa hannu a aljihu, shi suke rugawa su durƙusa wa, su wuce tsohon da ke zaune a kan buzu ba ko sannu. Mai hali shi ma ya koyi ɗaga gilashin mota, domin a zatonsa duk mai gaishe shi da roƙon iri ya zo. Wanda aka cuta a tsakani shi ne talakan da ya tako don zumunci tsantsa, aka dube shi da idon maroƙi, ya koma gida ya rantse ba zai ƙara zuwa ba. Haka zumunci ke tsinkewa ba tare da an yi faɗa ba.

Barka da Salla ta yara daban ce, wannan tsohuwar al'ada ce mai daɗi, rana ɗaya ko biyu a shekara. Abin gudu shi ne yaro ya tashi da fahimtar cewa gaisuwa jari ce da ake zubawa don a ci riba. Gyaran yana hannunmu. Ki aiki ɗanki ya gaida maƙwabciyar da kin san ba ta da abin ba shi. Ka ɗauki 'ya'yanka ku je gaida kawun da ba shi da ko sisi, su ga ka durƙusa masa. In baƙo ya ba yaro kuɗi don ya gaishe shi, ba laifi, amma kada ya zama da ya tafi tambayar farko ita ce “nawa ya ba ka?”

Gaisuwar waya

Waya ta ƙara mana wani rikicin. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko jan wasali, ga shi kuma yawancinmu ba ma sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka ga an rubuta wa mai biki “ya baki?” ana nufin baƙi. A saƙon ta'aziyya kuwa kullum sai ka ci karo da “Allah ya jikansa,” wanda in aka bi rubutun maganar jika ake, ko “Allah ya jiƙa shi,” kamar ana batun wanki. Abin da ake nufi shi ne Allah ya ji ƙansa, wato ya yi masa rahama. Allah ya san nufin zuciya, amma addu'ar mamaci ta cancanci a rubuta ta daidai.

Babbar matsalar ma ita ce rubutu ba shi da murya. “Sannunki” ta tausayi da “sannunki” ta gatse iri ɗaya suke a WhatsApp. Kishiyoyi da facaloli da yawa sun yi gaba a kan saƙon da mai shi bai nufi komai da shi ba. In magana mai nauyi ce, a kira, ko a tura murya. Hoton fure mai ɗauke da “Juma'a Mubarak” da aka tura wa mutum ɗari a lokaci guda kuma, kada mu yaudari kanmu cewa mun gaida kowa.

Tambaya ta biyu

Na ajiye mafi muhimmanci a ƙarshe. A yankin Jibiya, shekarun nan na ɓarayin daji sun mayar da wasu gaisuwa tambayoyi na gaske. “Ya hanya?” a da cikon gaisuwa ce. Yau rai ne a cikinta. “Barka da arziki,” da ake yi wa wanda ya tsira daga haɗari, yanzu ita ake yi wa wanda ya dawo daga hannun waɗanda mutane ke kira “mutanen daji,” ko ma “mutanen” kawai, don gudun ambaton sunansu. Direbobin yankin sun gane cewa “hanya lafiya lau” ba ta wadatar ba, domin amsa ce da baki ya saba da ita. Bayan an gama gaisawa sai su sake tambaya: “Yanzu ka biyo ta? Ka yi karo da motoci suna tahowa?” Sun raba gaisuwa da neman labari, kowanne sun ba shi haƙƙinsa.

Wannan dabara ta direbobi ita nake so mu shigo da ita cikin gida. Mace mai ciki za ta ce wa mijinta da uwar mijinta “da sauƙi,” alhali ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Waɗannan alamu ne da ma'aikatan lafiya ke cewa a garzaya asibiti a kansu, domin suna iya kaiwa ga jijjiga. Uwa za ta ce yaro “ya ji sauƙi,” alhali ya ƙi nono, yana ta ramewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF na kula da yara masu tamowa a Katsina da kuma gundumar Madarumfa, inda iyaye mata daga gefen Nijeriya ma kan tsallaka da 'ya'yansu, kuma abin da ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi ke yawan kuka da shi shi ne kawo yaro a makare. Rashin kuɗi da rashin tsaron hanya su ne manyan dalilai, babu musu. Amma akwai kwanakin da ake asara a cikin gida saboda an tambaya sau ɗaya, an ji “da sauƙi,” an tashi.

Haka 'yar da aka aurar nesa. Uwa ta kira, “Ya gidan?” “Lafiya lau, Inna.” To me za ta ce, ga dangin miji zaune kusa da ita, ga kuma huɗubar haƙuri da aka yi mata ranar da za a kai ta? Haka dattijon da ya ce “sai godiya” alhali tun jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Ba cewa nake a daina amsa “lafiya lau” ba. Wannan ado ne na harshenmu, kuma godiya ga Allah ba ta tsufa. Abin da nake cewa shi ne, nauyin yana kan mai tambaya. Idan an gama gaisuwa, a zauna, a sassauta murya, a yi tambaya ta biyu, irin wadda ba ta da amsar da aka haddace. Maimakon “ya jiki?” a ce “jiya kin samu barci? Me kika iya ci? Yaushe rabonki da awo?” Maimakon “ya yaron?” a ce “sau nawa ya sha nono yau? Miƙo shi in gani.” Ga 'yar da ke gidan miji, “ke kaɗai ce a ɗakin? In kira ki anjima?” Ga dattijo kuwa ba a ma tambaya, sai a duba madafa, a aiko da abin da ya sawwaƙa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, kuma ba a ganin fuska sai an zauna.

Su kuma yaranmu, mu koya musu duka biyun. Su iya durƙusawa su kai gaisuwa har ƙarshenta, su kuma san cewa in ciwo ne ko tsoro ko wani ya taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba, bayan “lafiya lau” akwai “sai dai,” kuma a gaban uwa da uba ba a jin kunyar faɗarta.

Masu karatu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da na Jibiya da Illela da Maigatari, na san kuna da irin waɗannan kalmomi fiye da waɗanda na kawo. Ku rubuto mana su a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa haɗa ku rigima ko suka ba ku dariya da dangin tsallake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida, kuma wannan ba ta sallamar baƙo ba ce.